Gurbi Ɗaya a Bangon Arewa

Duk wanda ya san Anselmo Barrientos a yammacin San Antonio ya san shi da abu biyu: ba ya barin gurbi a bango, kuma bai taɓa cin surukarsa a gardama ba. Na farkon shi ne abin alfaharinsa. Shekara talatin da ɗaya yana hura dusar takarda cikin rufi da bangon tsofaffin gidajen katako don zafi ya daina shiga, ba a taɓa kiransa daga baya an ce ya tsallake wuri ba. Na biyun kuwa tuni ya sallama. Tun ranar da ya je neman auren Chela, uwarta Doña Herminia ta dube shi sama da ƙasa, ta ga ƙurar aiki a girarsa, ta laƙa masa Sarkin Ƙura, sunan kuma ya bi shi har ya yi jikoki.

Ya fi shekara ashirin yana roƙonta ta bari ya gyara mata gidanta. Tsohon gida ne na katako, tun na zamanin yaƙin duniya, bangonsa holoƙo ne, samansa kuma ba komai sai kwano da silin. Da rana ta take, ɗakunan sai su koma tanda. Amsarta ɗaya ce kullum: gidanta ba katifa ba ne da za a cusa masa tsumma.

Sai ga watan Yuli na bana. Ranar da zafi ya kai digiri ɗari da shida na Farenhait, Chela ta je kai mata magani ta tarar da ita kwance a ƙasan kicin, tsohuwar iyakwandishan tana ta ruri a taga ba ta tsinana komai. Kwana biyu ta yi a asibiti. Ɗanta Rogelio ya taso daga Houston da fuska a murtuke, ya ce zaman Mama ita kaɗai ya ƙare, ya riga ya gyara mata ɗaki a gidansa. Shekarunta tamanin da huɗu, idanunta sun tafi, inuwar mutum kawai take gani. Ta ce a gidan nan ta haife su duka, kuma ba ta fita sai an ɗauke ta a kwance.

Aka yi ta ja-in-ja har Anselmo ya sa baki. Ya ce a ba shi mako biyu. In sun cika, Rogelio ya dawo ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da zafi ya fi tsanani, ya zo da ma'auninsa na kansa. In zafin ɗakin kwananta ya haura digiri tamanin, ta bi shi. In bai haura ba, a ƙyale ta a gidanta.

"Wato yanzu zamana a gidana yana hannun Sarkin Ƙura," in ji tsohuwar daga gadon asibiti. "Kai, duniya ta zo ƙarshe."

"Kin yarda ko ba ki yarda ba, Mama?"

"Cusa tsummanka. Amma ka fasa min faranti ɗaya, ka ga yadda ake yi."

Anselmo ya fita daga ɗakin yana murmushi shi kaɗai. Ba zai faɗa a gabanta ba ko da wuƙa a wuyansa, amma yana son tsohuwar nan. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara goma sha tara, kuma tun da ya shiga dangin nan bai taɓa zuwa gidan ya fita da yunwa ba. Zagi da abinci tare take ba shi, kuma abincin ya fi yawa.

Ranar Litinin tun gari bai waye ba shi da Chela suka iso da babbar motar aikinsa. Aikin rufi ba ya jiran rana, don in ta kai tsaka, saman silin yana iya kashe mutum. Chela ce a bakin inji kamar kullum, tana yanka buhunan dusar tana marmasa ta da hannu tana turawa. Dusar nan tsofaffin jaridu ne da aka niƙe aka gauraya da maganin wuta da na ƙwari, launin toka, mai laushi. Shi kuma ya ɗaure hanci, ya ja tiyo ya haye ta ƙaramar ƙofar silin. Bai fara hurawa ba sai da ya bi kowace kafa da ke kusa da waya da bututu ya toshe, ya kare ramukan shan iska na gefen rufi don kada dusa ta rufe su. Masu gaggawa ba sa yin wannan, shi ya sa bayan shekara biyu rufinsu ke wari. Sannan ya fara daga can ƙurya yana ja da baya a kan gwiwoyinsa, dusa tana zuba tana hawa har ta kai tsayin da ya sa alama a jikin katako.

Doña Herminia na zaune a falo da sandarta, tana bin motsinsa da kunne.

"Yanzu yana kan ɗakin wanka," ta ce da Chela da ta shigo shan ruwa. "Ki ce masa katakon wajen ya ruɓe tun ubanki na da rai. In ya faɗo, ni ba zan iya share shi ba."

"Ya sani, Mama."

"Me ya sani? Mutumin da ya yi shekara uku yana kiran kyanwata da sunan namiji."

Da ya sauko wajen ƙarfe goma, jiƙe sharkaf, fari fat kamar wanda ya faɗa buhun gari, ya tarar da ƙwai da wake da kofi suna jiransa a tebur. Ta ce ba don shi ta dafa ba, ragowa ne. Ya cinye ragowar tas, ta ƙara masa wata ragowar.

Washegari aka shiga bango, wanda shi ne ainihin gwanintar Anselmo. Bangon irin waɗannan gidaje katakai ne a tsaye jere, tsakanin kowane biyu akwai gurbi, an rufe ciki da waje da allo. Sai a bi kowane gurbi a huda shi daga waje, a zura siririn tiyo har ƙarshe, a hura dusa da ƙarfi har ta danƙare, a toshe hudar da marfin katako. Anselmo ba ya duban komai, sauraro yake yi. Idan gurbi ya cika, muryar tiyon takan canza, shi kuma ya san wannan canjin kamar yadda ya san tarin matarsa. Ya gama gabas, ya gama kudu, ya daɗe a yamma inda rana ke duka, sai da yamma liƙis ya zo bangon arewa.

Bangon arewa yana da labari. Taku uku ne tsakaninsa da kicin ɗin Doña Cuca Ybarra, maƙwabciyar Herminia ta shekara sittin. Tare suka yi amarci a layin nan, tare suka yi goyo, kowacce ta riƙe ɗaya a jana'izar mijinta. Sai shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Cuca ta sa aka sare reshen ɓauren Herminia da ya ƙetara mata shinge, wai yana zubar mata da 'ya'ya a kan shanya. Reshe ɗaya tak. Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba, har a coci kowacce da layinta. Ɗakin kwanan Herminia yana da taga mai kallon kicin ɗin Cuca, sai ta kira Anselmo ta ce ya rufe mata ita, ba ta son ganin ko inuwar matar nan. Shi da hannunsa ya cire tagar ya buga alluna ciki da waje, ya shafa fenti. Ta sa aka juya gadonta, kanta ya koma daidai wajen.

Wurin tsohuwar taga shi ne inda ragon ma'aikaci ke faɗuwa, don katakan da suka riƙe tagar suna raba gurbin gida-gida, ka cika sama ka ɗauka ka gama alhali tsakiya fayau. Anselmo ya tuna yadda ya buga kowane katako. Ya yi huda shida a inda wani zai yi biyu, ya danƙare wajen har tiyo ya ƙi karɓa. Da ya gama ya ɗauko kyamararsa mai nuna zafi, ya zagaye gidan daga ciki. Bango huɗu, launi ɗaya, babu jan da ke nuna zafi ko ɗigo.

Ranar Laraba da ƙarfe huɗu ma'auni ya nuna saba'in da shida a ɗakin kwana, iyakwandishan har tana samun hutu. Chela ta rungume mijinta da ƙurarsa da komai. Doña Herminia ta shafa bangon da tafin hannu ta ce, "Hm." A bakinta wannan lambar yabo ce, Anselmo kuma ya tafi gida yana jin kansa a sama.

Ranar Alhamis Chela ta dawo daga gidan ta ce Mama ba ta taɓa abincinta ba. Suka ce gajiyar asibiti ce. Ranar Juma'a da Anselmo ya leƙa, ya same ta zaune a bakin gado da rigar barci har ƙarfe goma sha ɗaya, ita da ke tashi kafin zakara. Rediyonta a kashe.

"Da ka shigo," ta ce, "ka ga motoci a layin nan?"

"Motoci kamar yaya, Mama?"

"Motoci dai. Da yawa. An taru a wani gida?"

"Babu kowa. Sai motar mai kawo wasiƙa."

"To."

Ya tsaya yana jiran zagi, bai samu ba. Ya tambaye ta ko sanyin ya yi mata yawa a rage, ta ce a'a. Ko warin dusa na damunta, ta ce ba ta jin warin komai. Mako ya juyo, abin sai gaba yake yi. Ta daina shiga kicin. Ta sake tambayar Chela ko an yi wata sanarwa a coci, Chela ta ce wace iri, ta ce babu komai. Ranar Alhamis ta biyu, saura kwana uku Rogelio ya zo, ta sa Chela ta sauko mata da akwati daga saman kabad.

"Ki ce wa ɗan'uwanki ya zo da babbar motarsa. Zan bi shi."

"Mama! Ɗakin nan saba'in da shida ne fa. Kin ci gardamar!"

"Na sani. Ninke min baƙar rigar nan."

Anselmo ya zo da gudu da ya ji. Ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ta gaya masa abin da ya ɓata, ko mene ne zai gyara.

"Ba ka ɓata komai ba, Anselmo," ta ce a hankali. "Aikinka ya yi kyau. Gidan ya yi sanyi."

Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kiransa da sunansa ba, ba ta taɓa yaba masa kai tsaye ba, yau ga su duka biyu a numfashi ɗaya. Ya fita ya zauna a cikin mota ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya yi aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa don ta zauna, ga shi aikin ya ƙare tana haɗa kaya. Ya sake zagaye gidan da kyamara har sau biyu, yana fatan ya ga kuskure, don kuskure aƙalla ana gyara shi. Bai ga komai ba.

Ranar Asabar ya zo da sassafe da gwangwanin fenti. Marafan hudar bangon arewa ne suka rage bai shafa ba, kuma ko za a sayar da gidan gobe, shi ba ya barin aiki rabi. Ya shiga ɗan lungun da ke tsakanin gidajen biyu, ya tsuguna ya fara. Daga tagar kicin ɗin Doña Cuca ana jin katakon murji yana bugun allo, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a juya, ƙwas, ƙwas, tana murza tortiya, 'yar gurasarsu ta safe, kamar yadda take yi tun kafin a haife shi. Sai bugun ya tsaya.

"Kai, mai tiyo."

Ya ɗaga kai. Wata 'yar ƙaramar fuska mai tamoji ta manne da ragar taga.

"Ina kwana, Doña Cuca."

"Riƙe gaisuwarka. Wancan gidan, akwai mutum a ciki?"

"Mama na ciki mana."

"Da ranta?"

"Da ranta, lafiya lau. Me ya faru?"

Ya ji tsohuwar ta sauke numfashi mai tsawo. Sannan ta taso masa da faɗa.

"To me kuka yi mata? Kwana goma ke nan! Matar da ƙarfe biyar da rabi take tari uku, ta ja tsaki, ta kunna rediyo ta hau zagin mai karanta labarai. Kullum, har ranar Kirsimeti. Kwana goma ban ji ko motsin gadonta ba. Shekaranjiya har na ɗora babbar tukunyar wake saboda masu zaman makoki, na ga ba a zo ba na sauke. Yanzu wa zai cinye min waken nan?"

"Ai da kin ƙwanƙwasa kin tambaya."

"In ƙwanƙwasa? Ni? Ina ruwana da ita? Ni ba damuwa na yi ba, ka ji ko. Kawai dai mutum ya san abin da ke gefensa." Ta ja baya daga tagar, ta sake dawowa. "Kuma in ka gaya mata na tambaya, sai na ce ƙarya kake yi."

Katakon ya ci gaba da bugu, da ƙarfi fiye da da.

Anselmo ya ajiye burushi a kan gwangwani. Ya zagaya ya shiga gidan a hankali. Doña Herminia na falo a kujera, akwati a gefenta, ba ta ko tambayi wane ne ba. Ya wuce ɗakin kwana ya hau gadon da gwiwa, ya manna kunnensa a bango daidai inda matashinta yake. Shiru. Taku uku daga nan ana dukan allo kamar za a fasa shi, amma a nan ko alama babu.

Ai ya sani. Shi da bakinsa yake gaya wa masu gida cewa dusar nan ba zafi kaɗai take tarewa ba, har ƙarar titi, kuma su yi ta murna. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai wanda da ƙarar yake rayuwa ba. Matar da ba ta gani, shekara goma sha ɗaya tana kwana da kanta a jikin allo biyu marasa kauri, tana farkawa da bugun katakon ƙawarta, ta san Cuca ta kwana lafiya, ita ma ta yi tarinta uku ta ba da amsa. Shi kuma ya zo da hudarsa shida ya danƙare wajen, har yana alfahari. Tambayar motoci da ta sanarwar coci suka dawo masa, kunya da tausayi suka rufe shi a kan gadon.

Ya ja Chela waje ya gaya mata. Ta rufe baki tana dariya, hawaye na zuba.

"Tsofaffin nan za su kashe ni. To mu gaya mata Cuca na nan garau, mu buɗe tagar, su shirya kowa ya huta."

"Kin manta uwarki? Ranar da ta gane mun gane, a ƙafa za ta tafi Houston don ta nuna mana ƙarya muke yi."

"To ya za a yi?"

"Ki kai ta gyaran gashi. Ki ce ba za ta shiga Houston da kai kamar sheƙar tsuntsu ba. Ku daɗe."

Da motar Chela ta ɓace, ya ɗauko ƙarfen ɓamɓare ƙusa da injin zuƙa. Ya cire allo uku a wajen tsohuwar tagar. Ga dusar nan a danƙare, lif, ko yatsa ba ya shiga, aiki irin wanda ake ɗaukar hotonsa a nuna wa masu koyo. Ya daɗe yana kallonta. Rana ba ta cika dukan arewa ba, ya lissafa abin da zai rasa bai fi digiri biyu ba, amma lissafi ne kawai, gobe ne za a sani. In ya yi kuskure, ya jefar da gardamar da ya riga ya ci. Ya kunna injin. Cikin minti goma ya zuƙe abin da ya ɗauke shi awa guda, ya bar gurbin fayau daga tsayin matashi zuwa inda kan tagar yake a da. Ya mayar da allunan, ya shafa fenti, ya share ƙasa.

"Me kake yi kuma?" in ji murya daga bayan raga.

"Gyara, Doña Cuca."

"Ku dai ba kwa gama abu sau ɗaya."

Ranar Lahadi da suka zo ɗaukarta zuwa coci, tun daga bakin ƙofa suka ji rediyo. Tana kicin tana soya ƙwai, tana gaya wa mai karanta labarai cewa uwarsa ba ta koya masa magana ba. Ta ce da Anselmo ya goge ƙafarsa, gidanta ba kasuwa ba ne. Amma akwatin na nan a bakin ƙofa a rufe, ba ta ce komai a kansa ba, su ma ba su yi gigin tambaya ba.

Rogelio ya iso ƙarfe huɗu saura, da babbar motar kamar yadda aka ce masa. Mutumin kirki ne, tsoro ne kawai ya sa shi tsanani, don shi ne ya kwana a kujerar asibiti yana kallon uwarsa da robar ƙarin ruwa a hannu. Ya aza ma'auninsa a kan teburin gefen gado, suka tsaya su huɗu a ɗakin ana jira. Don ya rage jiran, Rogelio ya ɗauki kyamarar zafin da ke rataye a wuyan surukinsa ya fara haska bango yana gyaɗa kai. Gabas, kudu, yamma. Da ya juyo arewa sai ya tsaya.

"Suruki, mene ne wannan?"

A fuskar kyamarar, daidai saman gadon, wani murabba'i ne ja-ja a tsakiyar shuɗin bangon, ba mai iya musun sa.

"Gurbi ne," in ji Anselmo.

"Gurbi? Kai? Kai da ka hana mu sakat a kowane biki da labarin ba ka taɓa tsallake wuri ba?"

Maganar ta yi wa Anselmo nauyi a baki fiye da yadda ya zata.

"Na tsallake shi. Tsufa ne, ka san idon ya fara."

Rogelio ya fashe da dariya har da dukan cinya, ya ce wannan labari sai ya kai shi Houston. Sannan ya ce ba komai, gobe a zo a cika shi.

"Ba mai sake taɓa min bango," in ji Doña Herminia. Tana zaune a bakin gado, hannu biyu a kan sanda. "An huda min gida kamar rariya sau ɗaya, ya isa. Tun ranar da ya zo neman 'yar'uwarka na gaya muku ragon ma'aikaci ne, ba ku ji ba. A bar masa abin kunyarsa a nan ya riƙa gani. Kai kuma, nawa abin naka ya ce?"

Rogelio ya duba, ya girgiza ma'aunin, ya sake dubawa.

"Saba'in da takwas."

"Saba'in da takwas ya haura tamanin?"

"Bai haura ba, Mama. Amma ke kika ce in zo da babbar mota."

"Na ce. Akwai tsohuwar kujera a baya da nake so a kai juji. Chela, fitar min da kayan nan daga akwati kafin su yamutse."

Chela ta ja ɗan'uwanta suka fita, yana ta tambayar me ke faruwa a gidan nan, tana ce masa ya zo ya ci abinci. Anselmo ya juya zai bi su.

"Sarkin Ƙura. Zo nan."

Ya zo ya sunkuya. Ta miƙa hannu tana lalube har ta sami fuskarsa, ta lashi babban yatsanta, ta goge masa gira ɗaya, ta goge ɗayar, a hankali, kamar yadda ake yi wa yaro za shi makaranta. Ba ta saki fuskar da wuri ba.

"Yau matar can ta makara da minti goma," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kuma kwaɓinta ya yi tauri, ina jin yadda take fama da shi. Shekara sittin, har yanzu matar nan ba ta iya sa ruwa daidai ba."